Katin Malam Hadi

Ni ne mafi tsufa a ajinmu, ni ne kuma mafi ƙarancin magana. Shekara goma sha tara na yi ina ba da kati a wani ƙaramin asibiti da ke tsakanin Malumfashi da Funtua, sai aka kawo kwamfuta, aka ce duk wanda ba shi da difloma ya tafi makaranta ya koyo aikin da yake yi. Shi ya sa nake zaune a bencin baya tare da yaran da wasunsu ni na buɗe wa iyayensu mata katin awo. Baba suke ce mini. Ba na hana su.

Makon jiya, bayan darasin ɗa'ar aikin lafiya, 'yan ajin suka taru a kan wayar wani yaro mai suna Kabiru, suna musu a kan wani littafin zane na Japan, irin wanda suke kira manga. Musun shi ne ko ya halatta likita ya tona asirin mara lafiya idan yana zargin za a yi kisa. Kabiru ya waiwayo ya ce, "Wannan ciwon kan likitoci ne. Mu 'yan kati ai miƙo-in-miƙa ne, a ba ka lamba ka ba da fayil. Ko ba haka ba, Baba?"

Na ce haka ne, domin ban iya musu da baki ba. Ga amsar da ban ba shi ba.

Ɗakin katinmu tsawonsa taku shida ne, faɗinsa huɗu. Kantocin katako sun kai rufi, kowace ƙafar kanta tana zaune a cikin gwangwanin kananzir saboda gara. Taga ɗaya ce, mai ragar ƙarfe, an bar rami a ƙasanta daidai shigar hannu. Kati iri biyu ne. Akwai ƙarami, mai suna da lamba, wanda mara lafiya yake tafiya da shi gida. Akwai babban fayil, inda likita da nas suke rubutu, wanda ba ya barin asibiti. Kayan aikin ba su da yawa: biro shuɗi da ja, fensir, rula, tambari, zaren ɗinke fayil, da rijista mai baƙin bango. Duk wanda ya ce kayan nan ba sa yi wa mutum rauni bai daɗe da su ba.

Malam Garba ne ya koya mini. Tsoho ne mai cin goro, wanda ya san inda kowane fayil yake ko da an ɗauke wuta. Wata uku ya sa ni ina jera fayil kawai, bai bar ni na taɓa biro ba. Katin farko da na buɗe na wata mata ce daga wajen Tsiga, ta kawo yaro ɗan shekara huɗu jikinsa kamar garwashi.

Na ce, "Sunan yaro?"

Ta gyara mayafi ta kau da kai.

"Baiwar Allah, sunan yaro."

"Wannan ɗin dai."

"To sunan ubansa?"

"Maigidan ne."

Na riƙe biro ina jira, ita ma tana jira, layi kuma yana ƙara tsawo. Malam Garba ya leƙo ta kafaɗata ya ce mata, "Ɗan fari ne ko?" Ta gyaɗa kai. Ya ce, "Sunan wani annabi ne?" Ta sake gyaɗawa. Ya fara jero su ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan Yusufu ta sunkuyar da kai ƙasa, ya ce mini, "Rubuta." Sunan mijin kuwa wurin maƙwabciyarta da ke bayanta ya tambaya, wadda ta faɗe shi da ƙarfi har da laƙabinsa. A makaranta an koya mana gurbin suna a kwamfuta. Ba a koya mana abin da za a yi da macen da kunya ba za ta bar ta ta cika gurbin ba.

Wata rana kuma na lissafa na samu Musa Abdullahi goma sha ɗaya a kanta guda. Daga ranar na ƙara tambayoyi. Bayan suna da sunan uba, sai gari, sai unguwa, sai sunan mai unguwa, sai sana'a, sai laƙabi, sai wanda za a nema idan ta ɓaci, sai dangantakarsu. Kowace shekara ina ƙara ɗaya. Bayan Malam Garba ya yi ritaya ɗakin ya zama nawa, buɗe sabon kati a hannuna ya koma aikin minti goma sha biyar. Mai tsohon kati nan take yake wucewa. Mai neman sabo kuwa, idan damina ce, yana iya kaiwa azahar a layi. Ina alfahari da wannan. A duk yankin babu rijistar da ta kai tawa tsabta.

Dokoki biyu Malam Garba ya bar mini. Ta farko, abin da ke cikin fayil ba ya fita ta taga. Ta biyu, in ɗaga kai in dubi wanda ya miƙo kati, domin mutanenmu suna aron kati kamar yadda suke aron fartanya. Ta farko na riƙe ta shekara goma sha uku ba tare da ko tuntuɓe ba. Ta biyu ban taɓa riƙe ta ba. Tun ina yaro duban fuskar mutum yake mini wuya, sai ga shi Allah ya ba ni aikin da taga take nuna mini hannu kawai. Da hannu na san jama'ata. Na san hannun mai fawa, na san na matan da ke tsinkar auduga, na san na wani malamin makaranta da alli ya cinye wa gefen farce. Idan muka haɗu a kasuwa suka gaishe ni, sai na saci kallon hannun kafin in san da wa nake gaisawa.

Littattafan Japan ɗin nan da kuke ganin ku kuka gano su, ni a kwali na same su. Wani likita ɗan bautar ƙasa ne ya gama shekararsa, kayansa suka yi yawa, ya ajiye mini kwali guda ya ce zai aiko a ɗauka. Bai aiko ba. Na buɗe don in duba ko gara ta shiga, sai na ga littattafai ne na zane, baƙi da fari, an fassara su da Turanci. Daga bangon baya ake fara su, daga dama zuwa hagu, kamar ajami, don haka ban sha wuyar sabawa ba. Tsakanin azahar da la'asar, idan layi ya ƙare, sai in rufe rabin taga in karanta. Na karance kwalin sau biyu.

Abin da na koya a cikinsu ba shi da yawa, amma ya zauna. Na koyi cewa mai kisa ba shi ne mai hayaniya ba, shi ne mai ladabin nan da yake rako mara lafiya asibiti ya riƙe masa takalmi. Na koyi cewa babu abin da yake faruwa haka kawai. Na koyi cewa shaida tana kwance a cikin takardun da ba wanda yake karantawa, kuma a kowane labari akwai wani mutum shiru-shiru a ƙaramin ɗaki wanda shi kaɗai yake ganinta. Ban daɗe ina neman ko wane ne wannan mutumin a asibitinmu ba.

Fayil ɗin Malam Hadi ya fara fitowa ne a wata damina da zazzaɓi ya cika mana baranda. Manomi ne daga wata unguwa kusa da Gozaki, shekara hamsin da takwas a rubuce, katin da Malam Garba ya buɗe tun da daɗewa, kusan babu komai a ciki. Aka miƙo katin, na fitar da fayil. Da yamma ya dawo, na duba kamar yadda nake duba kowane fayil kafin in mayar, don in ga ko an cika ranar wata. An rubuta amai, gumi, dalalar miyau, jiri. Ana zargin maganin feshi. An yi ƙarin ruwa da allura, an sallame shi washegari. Nauyi kilo saba'in da huɗu.

Bayan kwana goma sha biyu katin ya dawo. Ciwo iri ɗaya, wani ma'aikacin ne ya duba shi, nauyi sittin da bakwai. Bayan mako biyu ya sake dawowa, nauyi sittin. A wannan karon wata nas mai yawan rubutu ta ƙara layi guda: ciwon ya fara ne bayan ya ci abinci a gona.

Duk zuwa ukun hannu ɗaya ne ya miƙo katin, hannun dama mai babban yatsa babu farce, irin abin da injin casar masara yake yi wa mutum. Mai hannun yana da ladabi. Yakan ce, "Malam, a taimaka mana da sauri, Allah ya saka." Na taɓa jin an kira shi Sani daga baranda. Na duba gurbin wanda za a nema idan ta ɓaci, na ga Sani, ƙanensa. Na tambayi wani direban da ke bin hanyar Gozaki, a fakaice, ya ce mini ai Malam Hadi da Sani gandu ɗaya suke nomawa, tun rasuwar mahaifinsu ba su raba gona ba, Sani ne mai babur, shi yake kai abinci gona.

Na zauna da fayil ɗin na yi tunani irin na littafi. Dattijo mai babbar gona ba ya goya tankin feshi da kansa, 'yan ƙwadago yake sawa. To ta ina maganin yake shiga jikinsa? Ta abinci. Wa yake kai abincin? Wa zai ci gonar idan babu shi? Wa yake rako shi asibiti da ladabi? Aron kati ya faɗo mini a rai sau ɗaya, na kore shi. Na ce wannan aikin mata ne da yara, me zai sa mai hali irin Malam Hadi ya ba da aron katinsa.

Zuwa na huɗu nauyin da aka rubuta tamanin da biyu ne. Mutumin da yake ƙarewa ba ya ƙara kilo ashirin da biyu a kwana goma. Na ce nas ce ta yi kuskure saboda cunkoso, hamsin da biyu take nufi. Na ɗauki fensir na gyara mata, a hankali, da kyau.

Na san abin da dokar Malam Garba ta ce. Amma na ga ai bai karanta abin da na karanta ba. Na sayi takarda mai layi da ambulan, na ja jadawali da rula, rana da ciwo da nauyi, layi huɗu. A ƙasa na rubuta wa Malam Hadi ya lura da wanda yake kai masa abinci gona, wanda kuma shi ne yake kawo katinsa asibiti. Ban sa suna ba, na sa "daga mai son ka da alheri". Na rubuta duka da manyan baƙaƙe don in ɓoye hannuna. Ranar hutuna na hau mota har tashar Malumfashi, na ba wani direban da bai san ni ba wasiƙar ya kai masa. A hanyar dawowa ban tuna cewa da manyan baƙaƙe nake rubuta kati ba, kuma kusan kowane gida a yankin yana da rubutuna a cikin leda a ƙarƙashin katifa.

Mako uku katin bai dawo ba. Na ɗauka na ceci rai.

Wata Talata da hantsi wani hannu da ban sani ba ya shigo ta ramin taga, faffaɗa kamar faifai. Ba kati ya ajiye ba, ambulan ɗina ne, ya sha ninki ya yi baƙi.

Aka ce, "Malam, ɗago kanka."

Na ɗago. Dattijo ne ƙato, mai furfurar gemu, ya cika tagar har haske ya ragu a ɗakin.

"Kai ne mai rubutu?"

"Ni ne mai kati, Baba."

"To ni ne wanda ake kashewa. Dube ni da kyau. Na yi maka kama da kilo hamsin da biyu?"

Bai yi ba. Na ce, "Amma an kwantar da ku sau huɗu."

"Rabona da asibitin nan tun da aka cire mini haƙori, zamanin tsohon nan mai goro. Masu yi mini feshi aka kwantar. Mutum huɗu, kowa da ranarsa. Yaro yana amai kamar zai fitar da hanji, in sa shi a layinka na sabon kati ka tambaye shi sunan mai unguwarsu? Sai na ce wa Sani ya riƙa kai su da nawa."

Mutanen da ke layi sun yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi don kada a rasa kalma. Allah ya taimake ni Sista Bose ta zo wucewa. Ita ce shugabar asibitin a lokacin, haifaffiyar Funtua, iyayenta Yarbawa 'yan kasuwa, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta dubi dattijon, ta dube ni, ta ce mu same ta a ofis, in taho da fayil.

A ofis Malam Hadi ya ba da sauran labarin. Shi bai yi boko ba. Da wasiƙar ta iso bayan la'asar yana zaune a ƙofar gida da jama'a, sai ya miƙa wa malamin firamare na unguwar ya karanta masa, shi kuma ya karanta da muryar aji, har jadawalin. Malam Hadi ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi lafiyarsa lau. Amma malamin ya juya takardar, ya zaro katinsa na asibiti daga aljihu, ya haɗa, ya ce ai wannan rubutun mai kati ne. Daga nan magana ta tashi daga ta wani mahaukaci ta koma ta asibiti. Asibiti ya ce Sani yana sa guba a abinci. Idan ba yayansa ya ci ba, to wa ya ci? Aka tuna da 'yan feshin nan huɗu. Kafin kwana biyu an samo dalili ma: wai asiri aka ba shi na albarkar gona, wanda sai an ci da mutane.

Malam Hadi ya ce, "Sista, mu a unguwarmu ciyayya muke yi. Bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa ƙofar gidana mu haɗu mu ci. Yau kwana ashirin kwanon Sani yana komawa gida yadda ya fito. Ni kaɗai nake sa hannu, sai su ce ai ni ya san gefen da zai bar mini babu guba. Matarsa ta daina zuwa rijiya da safe. 'Yan ƙwadago idan sun hango babur ɗinsa sai su ce suna azumi. Mutumin da tun yana yaro ko kaza ba ya iya yankawa."

Sista Bose ta karanta fayil ɗin daga farko. Ta tsaya a shafi na huɗu.

"Wa ya taɓa wannan da fensir?"

"Ni ne, Sista."

"Ka gyara sikeli daga ɗakin kati."

Ta juya shafukan baya ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ka san abin da ke cikin fayil ɗin nan? Mutum huɗu daga gona ɗaya sun sha maganin feshi cikin wata biyu, suna cin abinci da hannun da suka dama magani. Wannan abin a kawo mini ne da gudu. Kai kaɗai ka ga shafukan nan huɗu a jere, mu kowa ɗaya ya gani. Daga tagarka zuwa ƙofar nan taku nawa ne?"

Na ce goma sha ɗaya, domin na taɓa ƙirgawa.

"Goma sha ɗaya. Kai kuma ka zaɓi tashar Malumfashi."

Ta gaya wa Malam Hadi cewa abin da na yi laifin kora ne, idan ya so za ta rubuta yau. Ya ce a'a, idan aka kore ni sai a ce an toshe bakin mai gaskiya. Na ce zan rubuta wata wasiƙar in janye, in sa suna da tambari. Ya dube ni ya ce, "Wata kuma? Ta farko ba ta gama aiki ba tukuna." Abin da yake so shi ne in zo unguwarsu ranar Juma'a in ci tuwon Sani a gaban mutane.

Sista ta ce, "A littafin ɗa'a babu tuwo. Amma za ka je." Takardar gargaɗi kuma ta ba ni ita duk da haka, na sa hannu, ni na ɗinke ta a fayil ɗina da zarena.

Na isa kafin magariba. Bayan salla aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, kwanuka suka fara fitowa. Magidanta kamar goma sha biyar ne, amma a wannan ranar an samu baƙi daga unguwanni biyu, matasa kuma sun hau katanga. Kwano ɗaya yana can gefe a rufe, da wani siririn mutum zaune a bayansa yana kallon ƙasa. Na dubi hannunsa na san shi.

Malam Hadi ya ce, "Jama'a, ga asibiti ya zo."

Kwana uku na yi ina shirya jawabi. Na miƙe na ce ni na rubuta takardar, ba asibiti ba, kuma kuskure ne. Sauran jawabin bai fito ba. Na je na zauna gaban Sani, aka miƙo mini ruwa na wanke hannu, ya buɗe kwanon. Tuwon masara ne da miyar kuɓewa ɗanya, da man shanu a sama. Na yi bisimilla na yanko loma.

Tun da na ce zan faɗi aikin yadda yake, sai in faɗi wannan. Da lomar ta wuce, na duba agogona. Na riƙa lura da miyau a bakina ina auna ko ya ƙaru, alhali miyar kuɓewa nake ci. Na san gaskiya, na ji ta daga bakin mai katin, na ga Sista ta karanta ta, amma kwalin littattafan nan bai gama fita daga kaina ba. Idan haka nake ni da na ƙirƙiro maganar, ban ga laifin waɗanda suka ji ta da muryar malamin firamare ba.

Malam Hadi ya matso ya sa hannu. Malamin firamaren ma ya matso, domin shi ma yana da nasa kason. Muka cinye kwanon mu uku, Sani bai ci ba. Na suɗe hannu na dubi tabarma. Sai wani tsoho daga can ƙarshe ya ce, "To madalla. Amma su ma waɗancan ba nan take suka faɗi ba. A bari mu ga ya kwana."

Ba wanda ya yi dariya, domin da gaske yake. Na kwana a zauren Malam Hadi. Limamin unguwar ya gaya mini daga baya cewa rabonsa da ganin sahu huɗu a sallar asuba tun azumi. Da asubar na shigo masallaci da ƙafata, kawuna suka juyo, wani ya taɓa hannun rigata. Tsohon jiya ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ka tashi lafiya, Malam?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "To," kamar wanda aka yi wa ƙwace.

Da hantsi matar Sani ta aiko da koko da ƙosai, mutum bakwai suka sha. Ba duka ba. Akwai biyu da har na bar unguwar suna cewa cikinsu ne ba daɗi, kuma na ji ɗayansu bai sake cin kwanon Sani ba har ya rasu.

Kafin in hau mota na samu Sani yana ɗaure buhu a bayan babur. Na zo masa da abin da nake ganin shi ne mafi girman abin da ɗan kati zai iya bayarwa. Tun ranar Alhamis na buɗe masa kati nasa na kansa, ba layi, ba tambaya, na ba shi lamba a rijista, na ɗinka masa sabon fayil. Na miƙa masa ƙaramin katin da hannu biyu, na kuma yi ƙoƙari na dubi fuskarsa. Yana da ɗan tabo a gira. Shekarunsa ba su kai yadda na zana shi a raina ba.

Ya dubi katin bai karɓa ba. Ya ce, "Malam, ka bar shi. Rubutunka ya ishe ni haka."

Ya ja igiyarsa ya ƙulle, ya tayar da babur.

Sista Bose ta je gonakin yankin da sabulu da tsumman rufe hanci, ta yi wa masu feshi bayani a gindin bishiya. Ta kuma kafa doka cewa mai amai ko mai jini a fara duba shi, kati ya biyo baya. Tambayoyina suka koma biyar. Kwalin littattafan na kai shi gida, har yanzu ina karantawa, suna da daɗi, kuma zanensu na hannuwa ya fi na kowa kyau. Na lura dai cewa a cikinsu babu mai ba da aron kati, babu kuma mai layin da ya kai azahar.

Don haka Kabiru, gaskiyarka, miƙo-in-miƙa ne. Sai dai duk abin da mutum ya ɓoye wa matarsa da limaminsa yana bi ta hannunka sau biyu a rana, ba ka yi rantsuwar likita ba, ba wanda yake kallonka, kuma kana da biro.

Sani bai sake zuwa asibitinmu ba. Idan shi ko iyalinsa ba su da lafiya, Malumfashi yake kai su, ya wuce ta gaban ƙofarmu a kan babur, ko da ruwa ake yi. Lokacin da aka kawo kwamfuta aka ce mu shigar da duk fayilolin da ke kanta, yarinyar da aka turo ta taya ni ta ɗago nasa ta ce, "Baba, wannan ba komai a ciki, a jefar?" Na ce ta mayar da shi inda ta ɗauko. Shekara shida ke nan, ko ɗigon biro babu a cikinsa. Duk ɗakin babu fayil ɗin da na riƙe wa sirri kamarsa.